Dashen ƙoda a Korle Bu: aikin yana kyau, amma nauyin duk yana kan ɗan'uwa mai rai

Wanda likita ya gaya wa cewa ƙodojinsa biyu sun gaza, abu biyu ne a gabansa a Accra: ko wankin ƙoda har iya rayuwa, ko dashe. Duka biyun ana yin su a Asibitin Koyarwa na Korle Bu, kuma can ne yawancin mutanenmu na Nima, Mamobi, Fadama da Sabon Zango suke ƙarewa idan hawan jini ko ciwon suga ya gama cinye musu ƙoda. Hukuncinmu a kan hidimar shi ne hannun likitocin ya faɗa, amma ƙofar shiga ƙarama ce ƙwarai. Abin da ya matse ta kuwa kuɗi ne da rashin doka, ba rashin gwaninta ba.

A 2008 aka fara dashen ƙoda a Korle Bu, da taimakon likitocin Birtaniya da ƙungiyar Transplant Links ta kawo. Shekaru aka yi ana jiran baƙi su zo kafin a yi aiki, mai hali kuma ya nufi Indiya. Sai a watan Yulin 2023 tawagar likitocin Ghana zalla ta yi dashen da kanta, kamfanin First Sky Group ya ɗauki nauyi, aka ruwaito cewa kowane aiki ya ci kusan dala 21,000. Ci gaba ne na gaske. Majinyaci yana kwance a garinsu, 'yan uwa na kawo masa koko da safe, likitan da ya yi masa aikin kuma shi ne zai duba shi bayan wata shida.

Kafin a kai ga dashe kusan kowa sai ya bi ta ɗakin wankin ƙoda. Zama ɗaya awa huɗu ne. Ƙa'ida sau uku ne a mako, amma da yawa sau biyu suke yi saboda aljihu da ƙarancin injin. Ana auna nauyin mutum kafin ya hau da bayan ya sauka, don a san ruwa nawa aka cire. Allura biyu masu kauri ake sokawa a hannu, ɗaya na kai jini cikin matatar injin, ɗaya na dawo da shi. Wajen awa ta uku za ka ga wani ya fara hamma, gumi ya keto masa, ƙafa ta ɗaure, ma'aikaciyar jinya ta zo da sauri ta kwantar da kujerar ta rage gudun injin. Jini ne ya sauka, kuma yawanci dalilin shi ne mutum ya tara ruwa da yawa tsakanin zama biyu. Wanda ya daina fitsari bai kamata ya ƙara fiye da kilo 2 zuwa 2.5 tsakanin wanki da wanki ba, kuma shayi, koko da ruwan miya duk ruwa ne. Ayaba, ruwan kwakwa, kontomire (ganyen gwaza) da tumatirin gwangwani suna ɗauke da sinadarin fotasiyam mai yawa, wanda idan ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya ba sallama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jinkirta haɗin jijiya a hannu, inda za a riƙa soka alluran wankin. Ƙaramin aiki ne, a haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi, sannan a jira mako 6 zuwa 8 ta yi ƙwari. Wanda ya tsaya sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga, bututu za a sa masa a wuya, bututun wuya kuwa hanyar ƙwayoyin cuta ce kai tsaye zuwa jini. Hannun da aka yi wa haɗin ba a auna hawan jini a kansa, ba a ɗibar jini a cikinsa, ba a kwanciya a kansa.

Maganar kuɗi kowa ya ji ta. A 2023 sashen wankin ƙoda na Korle Bu ya rufe wa majinyata masu zuwa daga gida ƙofa daga Mayu zuwa Nuwamba saboda bashi. A Satumban shekarar aka ga sanarwar ɗaga farashin zama ɗaya daga sidi 380 zuwa 765.42, jama'a suka yi ca, aka janye, daga baya ya tsaya a 491. A wannan farashin, zama biyu a mako ya kai sidi 3,928 a wata, ban da allurar ƙarin jini, gwaje-gwaje da kuɗin mota. Daga 1 ga Disamban 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta sanar da ɗaukar kuɗin wankin, a 2025 kuma aka kafa asusun MahamaCares don cututtuka irin wannan. Kada katin inshora ya mutu a hannunku, kuma ku tambayi ofishin sashen dalla-dalla abin da katin ya ɗauka da abin da za ku biya da kanku.

Shi dashen, ƙodar mai rai kaɗai ake amfani da ita, kuma a aikace daga dangi ko miji ko mata. Ana fara duba rukunin jini. Mai O yana ba kowa amma daga O kawai yake karɓa, mai AB yana karɓa daga kowa. Alamar tarawa ko ragewa da ke bayan harafin ba ta da tasiri a nan. Daga nan sai gwajin dacewar tsoka, sai a haɗa ruwan jinin mai karɓa da ƙwayoyin jinin mai bayarwa a ga ko zai far musu. A wannan gwajin ne buri da yawa ke rushewa, kuma sau da yawa dalilin abu ne da ya faru shekaru baya. Duk ledar jinin da aka taɓa ƙara wa majinyaci tana iya koya wa garkuwar jikinsa ƙin tsokar wani. Haka ma ciki: matar da ta haifa wa mijinta 'ya'ya biyar, jikinta na iya ƙin ƙodarsa ko ta 'ya'yan. Don haka wanda ke da niyyar dashe ya gaya wa kowane likita kafin a rataya masa ledar jini, sai dai idan rai ake ceto.

Mai bayarwa ana tace shi fiye da majinyacin, kuma haka ya kamata, don shi lafiyarsa ƙalau ya shigo. Ana duba hawan jini, suga, furotin a fitsari, ƙarfin aikin ƙoda, cutar HIV, ciwon hanta nau'in B da C, sannan hoton CT don ganin jijiyoyin kowace ƙoda. Galibi ta hagu ake cirewa saboda jijiyarta ta fi tsawo. Haɗarin mutuwa a aikin kusan mutum 3 ne cikin 10,000. Yana kwana kaɗan a asibiti, sannan mako shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, abin da ɗan dako ko mai tura amalanke dole ya lissafa tun kafin ya ce e. Akwai kuma wani abin gado a jini, APOL1, wanda ya yawaita a mutanen Afirka ta Yamma kuma yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Idan ciwon ya kama mutum biyu a gida ɗaya, ƙanen da ya fito zai bayar ya tambayi likita a kan wannan kai tsaye.

Abin da muka fi so iyalai su girmama shi ne ganawar da ake yi da mai bayarwa shi kaɗai. A taron gida, gaban Baba da kawunnai, yarinya za ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ni zan ba ka." Wa zai ce a'a a wannan zaman? Sai an rufe ƙofa ba kowa sannan ake jin, "Likita, Mma ce ta ce in zo. Ni ban yi aure ba tukuna, tsoro nake ji." Ƙa'idar aikin ita ce wanda ya janye ba a fallasa shi, a gaya wa dangi kawai cewa bai dace ba. Kada ku bi ta har cikin ɗakin, kada ku tsare ta da tambaya idan ta fito. Kuma ku lura da wanda ake turawa gaba a gidajenmu: yawanci mace ce, ko ƙaramin da bai da abin hannu, wanda babban yaya ke biya wa haya.

Ba a cire tsofaffin ƙodojin. Sabuwar a ƙasan ciki ake sa ta, gefen mara, a bar siririn bututu a hanyar fitsari a cire shi bayan mako 4 zuwa 6. Daga nan sai maganin hana jiki yaƙar sabuwar ƙodar har abada: takrolimus duk awa 12 ba fashi, da maikofenolet, da firednisolon. Ranar gwajin takrolimus ana ɗibar jini ne kafin a sha na safe. Wanda ya sha sannan ya je, sakamakon zai fito sama, a rage masa magani bisa kuskure, jiki ya fara yaƙar ƙodar. Maganin tarin fuka mai suna rifamfisin yana zubar da ƙarfin takrolimus, don haka duk asibitin da aka je a faɗi cewa an yi dashe. Diklofenak da ibuprofen na kemis, da jiƙe-jiƙen kwalba da ake talla a tasha, a yi nesa da su. Azumi a shekarar farko sai da izinin likita, shari'a kuma ta ba mara lafiya rangwame. Ƙodar mai rai tana iya kai shekara 15 zuwa 20, amma babban abin da ke kashe ta da wuri a nan shi ne kuɗin magani ya yanke. Wanda zai tara kuɗin aiki a masallaci da wurin 'yan uwa na ƙetare, ya tara har da na maganin shekara biyu, in ba haka ba an yanka lafiyayye a banza.

Babban giɓin hidimar ba a cikin asibitin yake ba. Ghana ba ta da dokar da ta tsara cire sassan jikin mamaci don dasa wa wani. Likitocin ƙoda da na ido sun yi shekaru suna roƙon majalisa ta zartar da ita. Sakamakon haka, wanda bai da ɗan'uwan da ya dace ba shi da layin da zai bi ya jira, kuma ko tantanin gaban ido sai an shigo da shi daga waje. Inda ba doka kuma dillalai suke samun shiga, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wuri. Kowa ya ga shari'ar Sanata Ike Ekweremadu na Najeriya, wanda kotun Landan ta ɗaure shekara 9 da wata 8 a 2023 saboda kai wani matashi ɗan talla daga Legas don a cire masa ƙoda.

Ranar da dokar za ta zo, tambayar da za ta fi shafar zango ita ce ta izini. Tsari biyu ne a duniya. A na farko ba a taɓa gawarka sai idan ka rubuta yardarka tun kana raye, ko iyalinka sun yarda. Haka Amurka da Jamus suke, majalisar Jamus ma ta ƙi sauya shi a Janairun 2020. A na biyu ana ɗauka kowa ya yarda sai wanda ya je ya rubuta ƙin yarda. Sifen ta ɗauki wannan a 1979, Ostiriya a 1982, Wales a 2015, Ingila a 2020.

Hujjar masu tsari na biyu tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Mutane da yawa ba su ƙi bayarwa ba, cike takarda ce ba sa yi. Wani bincike da Johnson da Goldstein suka wallafa a 2003 ya nuna cewa a Jamus kashi 12 cikin 100 ne suka yi rajistar yarda, a maƙwabciyarta Ostiriya kuwa sama da kashi 99 ne ake lissafa sun yarda. Suna cewa: me ya sa mutum zai mutu a kan injin saboda kasalar wani? Ga kuma ayar Ma'ida, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya.

Duk da haka ba mu goyi bayan wannan tsarin ga Ghana ba, aƙalla ba yanzu ba. Dalili na farko daga Sifen ɗin kanta yake. Dokarta ta yi shekara goma ba ta sauya komai sosai ba. Sai da aka kafa hukumar dashe ta ƙasa a 1989 ƙarƙashin Dokta Rafael Matesanz, aka sa likita na musamman a kowane babban asibiti wanda aikinsa gano mai yiwuwar bayarwa da zama da iyali, sannan adadin ya tashi daga kusan mutum 14 cikin miliyan zuwa kusan 49 a 2023. Har gobe kuma a Sifen ana tambayar iyali, idan suka ƙi an bar magana. Dalilin a fili yake. Cikin mutum 100 da suka mutu, ɗaya ko biyu ne kawai ake iya ɗaukar ƙodarsu ko hantarsu: wanda ya mutu a ɗakin kulawa ta musamman, na'urar numfashi na riƙe da shi, likitoci biyu da ba sa cikin tawagar dashe sun tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu, ido ba ya amsa haske, maƙogwaro ba ya amsa taɓi, an cire na'urar ɗan lokaci bai ja numfashi ba. Wanda ya cika a gida, ko a bayan tasi ana yawon neman gado daga asibiti zuwa asibiti, ko ya sa hannu a takarda goma ƙodarsa ba ta da amfani. A ƙasar da gadon kulawa ta musamman ya yi ƙaranci haka, sauya kalma a doka ba zai ƙara ƙoda ko ɗaya ba.

Dalili na biyu shi ne ma'anar shiru. Tsarin ɗauka-an-yarda yana da gaskiya ne kawai idan kowa ya san dokar kuma ƙin yarda yana da sauƙi. Wales ta zartar da dokarta a 2013, ta shafe shekara biyu tana shela kafin ta fara aiki da ita. Mu kuwa wa zai gaya wa tsohuwar da ke sayar da wake da shinkafa a Mamobi, wadda ba ta karanta Turanci? Wa zai gaya wa 'yar kayayo, mai dakon kaya a ka, da ta sauko daga Walewale tana kwana a bakin shago a Agbogbloshie? Ɗan boko mai wayar zamani zai cire sunansa cikin minti biyu idan ba ya so. Waɗanda za su rage a jerin masu yarda su ne waɗanda ba a taɓa tambaya ba, kuma su ne ba za su taɓa iya biyan kuɗin dashe ba idan tasu ƙodar ta mutu. Ƙoda ta riƙa hawa daga talaka zuwa mai kuɗi, ba ta saukowa. Wannan ba adalci ba ne ko da doka ta halatta shi.

Malamanmu suna da ƙa'ida tun daga Imamu Shafi'i: ba a jingina wa mai shiru magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci don ceton rai, amma da sharaɗin izininsa kafin ya mutu ko izinin magadansa, ko na shugaba idan ba a san shi ba ko bai da magaji, kuma ta haramta sayarwa. Akwai malaman da suka hana gaba ɗaya, suna kafa hujja da hadisin cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma mai bin wannan fahimta yana da haƙƙin a bar masa gawarsa. Singafo misali ce mai kyau a nan. Dokarta ta 1987 ba ta haɗa da Musulmi ba, sai bayan majalisar malaman ƙasar ta ba da fatawa a 2007 aka shigar da su a 2008. An jira shekara 20, ba a yi musu dole ba.

Na uku shi ne amana, kuma ita ce ta fi saurin karyewa. Burazil ta kafa tsarin ɗauka-an-yarda a 1997. Talakawa suka tsorata cewa likita zai yi saurin sallama su don ya samu sassan jiki, suka yi tururuwa suna sa a rubuta a katin shaidarsu cewa ba su yarda ba, aka janye tsarin a 1998. A zango mun riga mun san yadda ake jin tsoron mutuware da binciken gawa, mun san gidajen da ke ɗauke tsoho daga asibiti idan suka ga ya yi nisa don ya cika a ɗakinsa a binne shi kafin La'asar. Ƙara jita-jitar cewa asibiti na cire ƙoda ba tambaya, mutane za su daina kai marasa lafiya tun da wuri. Asarar rayukan da wannan zai jawo za ta fi duk ƙodojin da za a samu.

Abin da muke ganin ya dace shi ne a tambayi kowa baki da baki. Duk baligi yana zuwa karɓar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, yana sabunta katin inshora ko lasisin tuƙi. A yi masa tambayar a can da harshen da yake ji, Hausa ko Twi ko Dagbani ko Ga, da amsa uku: na yarda, ban yarda ba, na bar wa iyalina. Ya iya sauya amsar ta waya duk lokacin da ya so, kuma likitan da ke jinyarsa kada ya ga amsar sai bayan an tabbatar da mutuwa. Dokar ta rubuta ƙarara cewa layin jira ɗaya ne ga ƙasa duka, daga Korle Bu har asibitin Komfo Anokye na Kumasi da na Tamale, bisa dacewar jini da tsawon jira, kuma inshora ta ɗauki maganin bayan dashe. Ta kuma sa wa'adin awanni na mayar da gawa. Aikin cirewa awanni kaɗan ne, ana ɗinke wurin tsaf, ana wanka da likkafani kamar kowa, don haka ba dalilin da zai sa jana'iza ta kwana biyu. A kira ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da sarakunan zango tun ana rubuta daftarin, ba bayan an gama ba.

Kuma a fara da ido. Tantanin gaban ido ba ya buƙatar ɗakin kulawa ta musamman ko dacewar rukunin jini. Ana cire shi cikin awanni bayan mutuwa ta kowace iri, aikin bai kai awa ɗaya ba, fuska ba ta sauyawa, ana ajiye shi a ruwan magani har kusan mako biyu, kuma mamaci ɗaya yana buɗe wa mutum biyu ido. Da shi asibitoci za su koyi yadda ake zama da iyali a ranar makoki, yadda ake riƙe rajista, da yadda ake mayar da gawa a kan lokaci, kafin a kai ga ƙoda da hanta.